Ofishin taimaka wa tsofaffin sojoji na gundumarmu: wata 11 ina jiran alƙali, ga abin da na gani

Tunda ƴan uwa da dama da suka yi aikin soja a nan Amurka suna tambayata wa ya riƙe min shari'ata, bari kawai in rubuta yadda na ga ofishin nan sau ɗaya in huta. Ofishi ne na ƙaramar hukuma, irin wanda ake samu a gundumomi da yawa, aikinsu su taimaka maka wajen neman kuɗin nakasa daga ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, kuma ko sisi ba sa karɓa.

Ni direban babbar mota ne a soja, na je Iraƙi, na fito da gwiwa mai ƙara, kunne mai shuuu dare da rana, da kuma baya wanda in na yi ruku'u sai na dafa bango kafin in ɗago. Da na cika takardu da kaina sai hukunci ya zo da makin nakasa, kunne kashi 10, gwiwa kashi 10, baya kuma an ce babu hujjar da ta haɗa shi da aikin soja. Kuma gaskiya laifina ne, lokacin da abin ya faru ban je asibitin bariki ba, ƙwayar ciwo na sha na koma kan sitiyari, saboda kun san halinmu, namiji ba ya raki, to ga rakin nan ya dawo bayan shekaru babu takarda ko ɗaya.

Kafin in san da ofishin nan saura kaɗan in faɗa hannun wani kamfani da ya yi ta bina da talla a Facebook. Magana kamar zuma, wai za su kai ni kashi 100, amma da na karanta yarjejeniyar sai na ga suna son ninki biyar na duk ƙarin da na samu a wata, kuma su ba za su sa sunansu a takardata ba, ni zan tura komai kamar ni na rubuta. Wani abokina da muka yi aiki tare shi ya ce min kai mahaukaci ne, je ka ofishin gunduma.

Ofishin kansa ba abin a zo a gani ba ne. Ɗaki biyu ne a ƙasan bene, kujerun roba, tuta a lungu, injin kofi da aka manna masa takarda wai ya lalace, kuma tun zuwana na farko har yau takardar tana nan. Matar da ta karɓe ni dattijuwa ce, tsohuwar sojar ruwa, gilashinta rataye a wuya da igiya. Na fara ba ta labari tun daga Kuwait, ta ɗaga min hannu ta ce ba ni wasiƙar tukuna. Ta buɗe shafin da aka rubuta dalilan ƙin amincewa, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimla ɗaya, ta juyo min da ita ta ce wannan kaɗai muke yaƙi da shi, sun yarda bayanka na ciwo, abin da ba su gani ba shi ne igiyar da ta ɗaure ciwon da kakinka. Wallahi wasiƙar nan na karanta ta ya fi sau goma a gida ban fahimci haka ba, ni dai na ga an hana ni ne kawai raina ya ɓaci.

Sai ta zana min hanyoyi uku a bayan ambulan. Tun Fabrairun 2019 da sabuwar dokar ɗaukaka ƙara ta fara aiki haka tsarin yake: ko ka kawo sabuwar hujja a sake dubawa da fom 20-0995, ko ka nemi babban jami'i ya sake duba tsohon fayil ɗin da fom 20-0996 amma nan ba a karɓar sabuwar takarda ko guda, ko kuma ka tafi gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara da ke Washinton da fom 10182. Ni babban jami'in nake so saboda sunan ya yi min daɗi, ta ce a'a, me zai gani wanda na farko bai gani ba, fayil ɗinka ne babu komai a ciki. Abin da ta fi nanatawa shi ne shekara ɗaya, in ka bari shekara ta cika daga ranar da ke kan wasiƙar ba ka motsa ba, to kana iya rasa asalin ranar da za a fara lissafa maka kuɗin baya, wato na watannin da suka wuce. Saura min wata biyu a lokacin, ban ma sani ba.

Na sa hannu a fom 21-22 suka zama wakilaina, ta tura ni in samo wasiƙar likita da za ta ce yiwuwar ciwon ya samo asali daga aikin soja ta kai rabi ko fiye, da shaidar wanda muka yi aiki tare a rubuce. Muka bi hanya ta farko, an duba cikin wata biyar, likitan da ya gwada ni a ɓangaren VA ya ga abin daban da nawa likitan, aka sake cewa a'a. Ranar na je mata a fusace, ita ko a jikinta, ta ce yanzu likita biyu sun saɓa, kuma ƙa'ida ita ce in hujja ta yi kunnen doki tsohon soja ake ba wa rinjaye, wannan maganar alƙali ce. A can ma layi uku ne, wanda alƙali zai duba fayil kawai, wanda za ka ƙara hujja cikin kwana 90, da wanda za ka zauna ka yi magana da alƙalin. Ni ina son in yi magana, ina da abin faɗi cike da ciki, ta ce wannan layin shi ya fi kowanne tsawo kuma duk abin da za ka faɗa yana cikin takarda. Muka ɗauki na farko, wanda burinsu a kansa kwana 365 ne.

Abin da ya sa ba zan taɓa mantawa da ita ba kuma ba bayan ba ne ma. Ina zaune ina ta jan hanci ta ce tun yaushe kake haka, na ce tun Iraƙi, ai ƙura ce. Ta ce akwai ramin ƙona shara a sansaninku? Na yi dariya, na ce hayaƙinsa muke karyawa da shi. Ashe dokar PACT da Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta sa ciwon kogon hanci mai daɗewa cikin cututtukan da ba sai ka kawo hujjar alaƙa ba in ka yi aiki a can. Ta cika min daban, aka ba ni kashi 10. Lissafinsu kuma ba irin na kasuwa ba ne, 10 da 10 suna zama 19, a ƙara wani 10 ya zama 27, sai a kai shi 30, kuma daga 30 ne ake fara ƙara maka wani abu saboda mata da yara. Kuɗin ba haraji a kansa. Wannan ita ta gano shi, ni da na mutu ina cewa mura ce.

To yanzu inda suka gaza. Waya dai ka manta da ita, na taɓa kira kwana huɗu a jere ina barin saƙo, sai a mako na biyu aka kira ni ina tsakiyar aiki ban ɗauka ba, muka koma farko. Ganin ta sai ka yi mako uku zuwa huɗu kana jiran rana, mutum biyu ne kacal ke riƙe da duk gundumar, kuma ƙarfe huɗu sun rufe, mai aikin rana sai ya ɗauki hutu. Sau ɗaya kuma ɗayan jami'in ya ce ya tura wata takardata ashe tana cikin tire a kan teburinsa, da ban bi sawu ba shi ke nan. Tun daga nan duk abin da na miƙa sai na ɗauki hotonsa kuma na nemi shaidar an tura, ku ma ku yi haka.

Sannan kar wanda ya je da tunanin za su sa a yi masa sauri. Na roƙe ta ta kira wani a sama, ta ce babu wani a sama, layi ne bisa ranar da ka shiga, ana tsallakar da mutum ne kawai in ya kai shekara 75, ko ciwo mai tsanani, ko matsin kuɗi na gaske kamar za a kore shi daga gida, kuma ta ce kar ka yi fatan ka cancanta. Ta kuma gaya min tun wuri alƙali yana iya amincewa, yana iya ƙi, yana iya mayar da fayil ɗin a sake gwaji, in ya ƙi akwai kotu ta musamman cikin kwana 120 kuma a nan lauya zan nema ba ita ba. Lauyan da aka tantance yawanci kashi 20 na kuɗin baya yake ɗauka, in an ci.

Jiran ne dai babu mai ɗauke maka shi. Manhajar VA da ke nuna inda fayil ya tsaya tana wayata, bayan sallar asuba kafin in sha shayi na duba, a wurin aiki na duba, har uwargida ta ce in da fayil ɗin mace ce da tuni ta san an yi mata kishiya. Rubutun bai canza ba tun watan da aka karɓa. Matar ofishin ta ce in riƙa dubawa ranar Juma'a kawai, na yi mako biyu ina bin maganarta na koma ruwa.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan wayarsu ce ta cinye shi. In za ka je ka tafi da DD214 ɗinka, wato takardar sallama daga soja, da duk wasiƙun da aka aiko maka har da ambulan, kuma ka sha kofinka daga gida.