Akwatin haihuwar gupi da na saya jikka uku da rabi

Wata huɗu ke nan da na sayi ɗan akwatin roban nan da ake sa uwar gupi, wani ɗan ƙaramin kifin ado, ta haihu a ciki. An haihu sau uku a cikinsa, don haka ina ganin yanzu ina da bakin magana.

Autarmu ce ta ja ni ga saye. Muna da akwatin gilashi mai cin lita 60 a ɗaki, nan unguwar Bukoki a Yamai, da gupi mata biyu da namiji ɗaya. Wata safiya muka tarar cikin ɗaya macen ya sace, ga ƴan jarirai biyu sun laɓe bayan dutse. Kafin azahar babu ko ɗaya. Gupi ba ta saka ƙwai kamar karfasa ko tarwaɗa, ɗiya take haifa masu rai, suna faɗowa suna iyo, kuma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, ko da ita ta haife shi. Yarinya ta yi ta kuka tana cewa, "Baba, yanzu uwa ce ke cin ɗanta?"

Washegari na hau moto na nufi wani ɗan shago a wajen Plateau, inda ake sayar da kifin ado da abincin tsuntsaye. Ban gama bayani ba mai shagon ya miƙo mani shi. "Malam, ga maganin damuwarka." Roba ce garai-garai, tsawonta bai fi tafin hannu da kaɗan ba, tana yawo a saman ruwa. A tsakiya akwai shamaki mai gangare da siririyar tsaga: uwa na sama, jariri ya faɗo ya sulale ƙasa inda bakinta ba ya kaiwa. Na ce, "Alhaji, a rage mani." Daga jikka huɗu muka tsaya a uku da rabi.

Haihuwar farko, gaskiya, ya biya kuɗinsa. Cikin gupi mako uku zuwa huɗu ne, zafi kuma yana gaggauta shi. Da na ga baƙin tabon da ke kusa da wutsiyar uwar ya faɗaɗa, cikin ya yi kusurwa kamar kwalin ashana, sai na sa ta ciki bayan magariba. Da asuba muka haska tocila. Kowane jariri yana fitowa a naɗe, ya nutse kamar matacce, can sai ya miƙe ya yi zillo. Bai kai ƙwayar shinkafa ba, in ka cire baƙaƙen idanun nan biyu kusan ba ka ganin komai. Autar ta ƙirga 27, ni na samu 26, har yau ba mu daidaita ba.

Daga nan ne akwatin ya fara nuna halinsa. A karo na biyu na yi garaje na sa uwar tun saura kamar kwana biyar. Wurin ya yi mata kaɗan, ta daina cin abinci, tana ta bugun roba, daga ƙarshe ta zubar da su ba su ƙosa ba, rabi matattu. Laifina ne, amma da mai shago ya ce mani kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu a ciki, da na kiyaye. Sannan tsagogin gefe sun yi ƙanƙanta, ruwa ba ya zagayawa sosai, ragowar abinci na kwantawa a gindi yana ruɓewa. Kullum sai na zuƙe shi da sirinji marar allura. Robobin da ke manna shi da gilashi kuwa, mako uku suka yi suka saki.

Babban abin da wanda ya ƙera shi bai yi tunani ba shi ne zafin Yamai. Gupi na son ruwa tsakanin digiri 22 da 28, mu kuwa a watan Afrilu rana na haura 40. Akwatin yana saman ruwa, inda ya fi ɗumi, kuma in kuran ya tafi injin da ke hura iska cikin ruwa ya tsaya cak. Wata ranar Laraba na dawo daga aiki na tarar da jarirai tara kwance a gindin akwatin, alhali manyan da ke ƙasa ko a jikinsu.

Garin abincin jarirai da mai shagon ya haɗa mani ba laifi, sai dai ba dole ba ne. In ka murje abincin manya tsakanin yatsu ya zama gari, suna ci. Gwaiduwar dafaffen ƙwai ma suna rububinta, amma abin da kan ashana ya ɗauko ya isa, in ka ƙara ruwa ya yi wari. Kaɗan-kaɗan sau huɗu a wuni nake ba su. Ruwan pampo kuma sai ya kwana ya wuni a buɗaɗɗen bido kafin in zuba.

Yanzu akwatin na dare ɗaya ne kawai. Da uwa ta gama sai in mayar da ita, jarirai kuma in kwashe su zuwa bokiti mai lita 20 da matacin soso da ciyawar ruwa, a ɗakin da ya fi sanyi. Wanda ke da wurin aje bokiti da ciyawa mai duhu zai iya riƙe kuɗinsa. Mai akwatin gilashi ɗaya tal, ya saya, don zai yi ta buƙatarsa: macen gupi na aje maniyyi a jikinta, ta yi ta haihuwa wata da watanni ko an raba ta da namiji.

Mai shagon dai mutumin kirki ne. Da na koma da ƙorafi ya sauya mani robobin mannawa bai karɓi ko dala ba, kuma yana karɓar jariran da suka girma ya ba ni abinci a madadinsu. Injin iska mai batir da ya ce zai zo masa daga Kano ne har yanzu shiru, sau uku ina komawa yana cewa mako mai zuwa in Allah ya so.