Kamfanin maganin ƙwari a gidan bakin tafki: inda ya yi mana rana da inda ya gaza

Gidanmu yana kusa da tafki, bishiyoyi sun kewaye shi, iskar garin kuma da ɗumi da laima take yawancin shekara. Wurin akwai daɗin zama, sai dai wannan danshin da wannan inuwar su ne kyankyaso da gara da sauro da tururuwa suke nema ido rufe. Sama da shekara ke nan da muka ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin maganin ƙwari, irin wadda suke zuwa duk bayan wata uku, idan kuma wani abu ya taso a tsakani ka kira su su dawo ba tare da ƙarin kuɗi ba. Maƙwabta da dama sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya a wajen kyankyaso da gara da ɓera. A wajen sauro kuwa ba ta biya ba, kuma a nan ne nake da ƙorafi mai nauyi.

Zuwan farko shi ne mafi amfani cikin duk abin da muka biya. Ma'aikacin da suka turo, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya bar tankin feshinsa a mota, ya shigo da tocila da sukudireba kawai. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya ja firji gaba, ya hau ya duba cikin silin, sannan ya zagaye gidan yana bin gindin bango taku-taku. A ƙarƙashin famfon kicin ya haska mini wata gaɓar bututu da ke ɗiga a hankali. Katakon kabad ɗin da ke ƙasanta ya yi baƙi, da ya danna bakin sukudireba sai ya lume kamar ba katako ba. A kusurwar kuma ga ɗigon baƙin kashin kyankyaso an jera, da wasu kwasfan ƙwai da suka riga suka fashe. A waje ya nuna mini reshen bishiya da ya kwanta a kan rufi, tururuwa na bin sa a layi suna gangarowa cikin gida, da itacen da aka jingine a jikin bango, da indararon da ganye ya toshe har ruwa ya kwanta a ciki. Ya ce kafin a yi maganar magani, a fara gyara waɗannan, in ba haka ba duk abin da zai zuba asarar kuɗinmu ne. Kamfanin da ma'aikacinsa zai faɗa maka haka tun ranar farko ya cancanci a yaba masa.

Kyankyaso iri biyu ne suka dame mu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai babban nan ja mai tashi sama, wanda gidansa na ainihi yana waje, cikin kwata da ruɓaɓɓen ganye da kogon bishiya, yana shigowa ne ta ƙasan ƙofa da bakin magudana. Shi toshe hanya yake so: roba a ƙasan ƙofa, raga a bakin magudanar banɗaki, a kuma kwashe ganyen da ya taru a gindin bango. Sai ƙaramin mai ratsi biyu a bayan kai, wanda ake kira kyankyason Jamus. Wannan a cikin kicin yake haihuwa yake mutuwa. Macen tana yawo da kwanson ƙwanta a jikinta har sai ya kusa ƙyanƙyashewa, kwanso ɗaya kuma yana ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40. Shi ya sa mutum zai fesa maganin gwangwani da dare, da safe ya share gawarwaki ya ji daɗi, bayan ɗan lokaci ya ga ƙanana sun cika wurin.

Shi ma'aikacin bai fesa komai a kicin ba. Wani magani mai kauri ya zo da shi a cikin sirinji, ya riƙa ɗiga shi ƙanana-ƙanana a maƙalar ƙofofin kabad, da bayan firji kusa da injin inda ɗumi yake, da tsagar da ke tsakanin kanta da bango. Abinci ne aka gauraya da guba mai aiki a hankali, irin su indoxacarb ko fipronil. Kyankyaso ya ci ya koma maɓoyarsa ya mutu a can, 'yan'uwansa su ci kashinsa da gawarsa su ma su bi shi, har da ƙananan da ba sa fitowa neman abinci. Ya ja mana kunne sosai kada mu fesa maganin gwangwani kusa da ɗigon, domin warinsa yana korar su daga abincin. A makon farko sai muka ga kamar sun ƙaru, suna fitowa da rana suna tangaɗi a tsakar kicin. Uwargida ta so a kira su a yi musu faɗa. Kafin wata ya cika, sai ka kunna fitila da tsakar dare ka tarar da kanta fayau. Wani abin da ya burge ni, a zuwa na gaba ya canja irin maganin. Dalilinsa gaskiya ne: tun farkon shekarun 1990 masana suka gano akwai kyankyasan da suka daina cin abincin da aka sa wa sukarin gulukos, saboda haka mai hankali ba ya nacewa a kan iri ɗaya.

Gara ce ta fi ba ni tsoro, domin ita ɓarnarta ba a ganinta sai ta gama. A bayan ɗakin ajiya ya gano wata siririyar hanya ta laka da ta taso daga ƙasa ta bi bango zuwa katakon taga, kaurinta bai wuce na fensir ba. Ya karya tsakiyarta, sai ga fararen gara suna ta kai-komo. Garar ƙasa ba ta jure bushewa, shi ya sa take gina wannan rufaffiyar hanya, kuma shi ya sa gari mai laima da matattun saiwoyi a ƙasa ya zama nata. Idan ka ga shinge sun taso daga cikin ɗaki bayan ruwan sama, ko ka tarar da fukafukansu zube a bakin taga ta ciki, to gidansu yana ƙarƙashinka ko dab da kai.

Hanya biyu suka gabatar mana. Ko a haƙa rami kewaye da gida a kwarara ruwan magani a ƙasa, ko a binne wasu robobi masu murfi, tazarar kamar mita 3 tsakaninsu, da abincin gara a ciki. Mun zaɓi ta biyu, kuma shi ma ita ya ba da shawara, saboda a bakin tafki ruwan ƙasa yana kusa, magungunan da ake kwararawa kuwa guba ne mai ƙarfi ga kifi da sauran halittun ruwa. Abincin cikin robar yana ɗauke da sinadarin da ke hana gara yin sabuwar fata idan ta zo saɓa, irin su hexaflumuron. Garar da ke fita neman abinci su ɗiba su kai gida su ciyar da sauran, a hankali gidan ya mutu. Wannan hanya tana son haƙuri. Watanni aka ɗauka, har na fara tunanin ko robobin banza aka binne mana. Amma duk zuwan da suka yi sai sun buɗe kowace roba a gabana, na ga wadda aka cinye da wadda ba a taɓa ba, daga baya kuma hanyar lakar ta bushe ba a sake gyara ta ba. Mun kuma janye ƙasar da ta hau jikin katako, aka bar tazarar kamar santimita 15.

Maganar ɓera gajeriya ce. Ƙaramin ɓera yana kutsawa ta ramin da bai wuce milimita 6 ba, saboda haka aka cusa soson ƙarfe a ramukan da bututu ke shiga bango, aka shafe da siminti, aka ɗana tarko a silin. Na ƙi yarda a zuba guba irin brodifacoum, domin ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take, mujiya ko kyanwa ta kama shi ita ma ta tafi. Ba su yi mini gardama ba.

Yanzu sauro. A cikin yarjejeniyar akwai feshin shuke-shuke da gindin bishiyoyi da maganin dangin pyrethroid, kuma wannan ɓangaren ba dattijon nan ke yi ba, kowane zuwa da sabuwar fuska. Kwanakin farko bayan feshi ana samun sauƙi, ba zan ɓoye ba. Amma da an yi ruwan sama mai ƙarfi sai sauro ya dawo kamar ba a yi komai ba, kuma a garin da ke cikin daji, na maƙwabta da na kurmi suna nan suna jiran iska ta kawo su. Abin da ya fi ɓata mini rai, wata rana wani matashi daga cikinsu ya yi feshi ana iska, hayaƙin yana tafiya kai tsaye wajen ruwa, ya kuma fesa har kan furannin da ke buɗe. Washegari na tsinci matattun ƙudan zuma a ƙarƙashinsu. A jikin takardar irin waɗannan magunguna an rubuta ƙarara cewa suna kashe kifi da ƙudan zuma, wanda aka ba aikin ya kamata ya fi kowa sanin haka. Na kira ofishinsu, sun ba da haƙuri, amma ban ga alamar sun ɗauki abin da girman da yake da shi ba. Tafkin nan na kowa ne, akwai masu kamun kifi da yara masu wanka a cikinsa. Daga ranar na ce a cire feshin sauro daga aikinmu.

Abin da ya rage mana sauro da gaske ba ya buƙatar kamfani. Mutane suna ɗora wa tafki laifi, alhali buɗaɗɗen ruwa mai kifi da igiya ba wurin da tsutsar sauro ke jin daɗi ba ne. Ta fi son ruwan da ya kwanta shiru: tsohuwar taya, faranti a ƙarƙashin tukunyar fure, lanƙwasar tamfol, kwale-kwalen da aka bari a buɗe, kogon bishiya. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne, don haka zagaye gida sau ɗaya a mako ana zubar da ruwa yana yanke musu zuri'a. Zubarwa kaɗai ba ta isa ba, sai an goge cikin mazubin, domin sauron nan mai ratsin fari da ke cizo da rana yana manna ƙwansa a jikin mazubi, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe ya ƙyanƙyashe da zarar ruwa ya taɓa shi. Inda ba a iya zubarwa, kamar tankin ruwan sama na ban-ruwan lambu da wani kwari da ruwa ke kwanciya a bayan gida, muna jefa dunƙulen maganin Bti. Bti wata ƙwayar cuta ce ta ƙasa da aka gano a 1976 a wani kududdufi cikin hamadar Negev, tana kashe tsutsar sauro, ba ta taɓa kifi ko kwaɗo ko ƙudan zuma, kuma dunƙule ɗaya yana aiki kamar kwana 30. Na yi mamakin da kamfanin bai fara kawo mana wannan ba, sai da na tambaya. Sauran aikin ragar taga ce, da gidan sauro, da fanka a baranda, tunda sauro ba ya iya tashi cikin iska mai ƙarfi. Su kuma ƙananan ƙwarin tafki da ke taruwa a fitila da yamma, masu kama da sauro amma ba sa cizo, canja ƙwan fitilar waje zuwa mai launin rawaya ya rage su sosai, ba a buƙatar guba.

Akwai wasu ƙananan abubuwan da ba su gamsar da ni ba. Takardar da suke bari bayan aiki ba ta faɗin sunan maganin da aka zuba sai ka matsa, alhali mai yara ko kyanwa a gida dole ya sani, musamman da yake permethrin yana iya kashe kyanwa. Lokacin zuwansu ma ba tsayayye ba ne, su ce safe su zo da la'asar. Yarjejeniyar kuma tana sabunta kanta idan ba ka yi magana ba kafin ta ƙare, wannan yana cikin ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda, a karanta shi kafin a sa hannu.

Wanda gidansa ke da katako da yawa a irin wannan gari, ina ba shi shawara ya ɗauki irin wannan kamfani ko don gara kaɗai, domin ganinta da wuri yana son idon wanda ya saba. Wanda kyankyaso ne kawai damuwarsa, zai iya sayen maganin sirinji ya ɗiga da kansa bayan ya gyara famfo. Mu dai mun sabunta, da sharaɗi biyu da aka rubuta a takarda: babu feshi a waje, kuma dattijon nan ne zai riƙa zuwa duba robobin gara. Tururuwa har yanzu tana dawowa duk lokacin da ruwa ya yi yawa ƙasa ta jiƙe, ta bakin tagar kicin, kuma ita ce zan sa su a gaba a kanta a zuwa mai zuwa.