Bindigar toka ta Traditions Kentucky, ra'ayina bayan na dawo harkar

Salam 'yan uwa. Masu tambayata wace bindigar toka ce ta dace da wanda ya daɗe bai taɓa ba yana so ya dawo, toh ga wadda na saya nan Amurka kuma ga yadda na same ta. Ni dai a gida na fara sanin harkar, wajen maharban ƙauyenmu masu adaka da kuma 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah, in suka saki hayaƙi ya turnuƙe ko doki baka gani. Da na zo nan na tarar abin sha'awa ne mai zaman kansa, har ƙungiya gare su tun 1933 mai suna NMLRA, suna taruwa a Friendship ta jihar Indiyana ana gasar harbi.

Wadda na ɗauka ita ce Kentucky Rifle ta kamfanin Traditions, kalba .50 wato faɗin ramin bututun rabin inci ne, mai aiki da kyaf wato ɗan ƙoƙon nan na tagulla da ake ɗorawa kunama ta buga wuta ta shiga, akwai kuma mai ƙyastu ga wanda yake so. Kamfanin yana Konetikat amma a Sifen ake ƙera ta. Ban sayi haɗaɗɗiya ba, na sayi wadda ke zuwa a warwatse cikin kwali kai zaka haɗa da hannunka, kuɗin bai kai dala 500 ba, ita kuwa irinta ta Pedersoli ta Italiya sai ka ninka ko fiye.

Haɗin nan fa aiki ne, kar wani ya ce maka sukurudireba kawai zaka ɗauka. Katakon yana zuwa fari fat da kaushi, sai ka zauna da sanfefa kana gogewa kana gwada ƙarfe kana cirewa, inda bai zauna ba ka ɗan sassaƙe, bututun ma farin ƙarfe ne kai zaka rina shi. Amma wallahi lokacin da na shafa mai zanen itacen ya fito, tagullar gindin ta ɗau ƙyalli, na ji daɗin da bana jin zan samu in a shago na ɗauko ta.

Yanzu ga inda ta burge ni sosai. Bututun inci 33 da rabi ne, kusurwa takwas, kuma cikinsa akwai zane a murɗe wanda yake juya harsashi, zagaye ɗaya a inci 66, an yi shi ne musamman don dunƙulen darma. Adakar gida cikinta sumul take, shi yasa maharbi yake lallaɓawa sai ya matso dab da nama kafin ya saki. Wannan kuwa in ka auna albarushi giren 60 (giren shi ne ma'aunin albarushi a nan), ka ɗora ɗan ƙyalle mai maiƙo a baki, ka aza darma mai faɗin inci .490 ka danna da babban yatsa sannan ka tura da sandar ɗuri har ka ji ta zauna daram a kan albarushin, a yadi 50 harbinka zai riƙa taruwa waje guda kamar faɗin tafin hannu, muddin baka canja awo ba. Sirrin kenan, awo. A nan da mazubi mai lamba ake auna komai, ba a zubawa da ido, kuma ba a tsiyaya kai tsaye daga gora zuwa bututu don ana iya samun ragowar wuta a ciki. Ina tuna maharban da na sani masu guntun yatsu saboda bututu ya tsage, abin yana taɓa ni har yanzu, da yawa cika ɗuri ne da kuma ƙarfen da ba don wannan aka yi shi ba. Don Allah kar wanda ya kuskura ya zuba albarushin harsashin zamani marar hayaƙi a irin wannan bindiga ko da ƙanƙani, fashewa take. Baƙin albarushi ne kawai ko madadinsa irin Pyrodex, kuma iyakar ɗuri tana rubuce a littafin da ke cikin kwalin. In ka ja kunama bata tashi ba ka bar bakin yana kallon gaba kamar minti ɗaya, wani lokaci jinkiri take.

Abin da za a sani kafin a saya, katakon gida biyu ne an haɗa da faifan tagulla a tsakiya, na asali irin na maƙeran Fensilbeniya guda ne tun daga gindi har baki, don haka masu son tarihi tsantsa basa yaba mata a nan. Kuma bututun da ƙusoshi aka riƙe shi ba a zare shi da sauƙi, wankin sai da haƙuri, gashi kuma ba fashi, ranar da ka harba ranar zaka wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu ka tsane ka shafa mai, in ka bari ta kwana tsatsa zata fara ci. Warin farar wuta kuwa a gareji zaka yi wankin in kana son zaman lafiya da uwargida.

Batun doka, a dokar tarayya ta 1968 irin wannan tana cikin rukunin tsofaffin makamai shi yasa a jihohi da yawa har gida ake kawo maka, amma wurare irin su Niyu Jazi da Ilinoi suna da nasu sharuɗɗan, kowa ya duba na jiharsa. Jihohi da yawa kuma suna ware lokacin farautar barewa na masu bindigar toka kaɗai, Fensilbeniya ma nata na bayan Kirsimeti mai ƙyastu zalla ake yarda da shi, in can kake ka ɗau mai ƙyastu tun farko.

Ni dai na ba ta huɗu cikin biyar, ga mai dawowa ko sabon shiga ta isa. Amma kafin ka yi oda ka fara zagaya shagunan kusa da kai ka ga ko akwai kyaf lamba 11 da albarushi, don a wajen 2021 da masana'antar Goex mai yin baƙin albarushi a Luwiziyana ta tsaya na wani lokaci kayan sun yi wuya, in kuma ta intanet zaka saya akwai ƙarin kuɗin dakon kaya masu haɗari da ake ɗorawa, gara ku haɗu ku biyu ko uku ku yi oda ɗaya.