Tracemalloc: Yana Kama Yoyon Ƙwaƙwalwa, Amma Sai an Taimaka Masa a Kan exec

Duk mai rubuta manhaja da Python wanda ƙwaƙwalwar sabarsa take cika sannu a hankali har aiki ya tsaya, ina ba shi shawarar ya fara da tracemalloc, kayan aikin da ke nuna layukan manhaja da suke cin ƙwaƙwalwa, kafin ya nemi wani abu. Yana cikin harshen tun Python 3.4 da aka fitar a 2014, saboda haka babu abin da za a saya ko a sauke.

Na gwada shi a kan manhajar fitar da sakamakon jarabawa ta wata makaranta mai zaman kanta a Samaru. An adana ƙa'idar lissafin maki a matsayin rubutu, exec kuma, wato umarnin Python da ke gudanar da rubutu a matsayin manhaja, yana mayar da ita aiki mai sabon suna ga kowane ɗalibi, yana zuba shi cikin globals, ma'ajiyar sunaye da ba ta gushewa muddin manhaja tana aiki. Muddin sunan yana nan, Python ba zai kwashe abin ba, domin a ganinsa ana bukatarsa. Shi ya sa a ƙarshen zango, lokacin da malamai suka yi layi suna shigar da maki, sabar take shaƙewa.

Amfani da shi ba wuya. Za ka kunna shi da start, ka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da take_snapshot, ka lissafa sakamakon aji guda, ka sake ɗauka, sannan compare_to ya jera maka layukan da suka fi ƙaruwa.

A nan ne rauninsa ya bayyana. Abin da aka ƙirƙira a cikin rubutun da exec ko takwaransa eval ya gudanar yana fitowa ne da sunan "<string>" kawai, kuma idan ba ka ce masa komai ba, mataki ɗaya tak na kiran yake riƙewa. Dole ne ka bi da rubutun ta compile, umarnin da ke shirya rubutu kafin a gudanar da shi, ka raɗa masa suna, ka kuma ba start adadin matakan da zai riƙe, kamar 25, kafin sawun kiran ya fito fili. Hakan yana rage gudun manhaja sosai, don haka ban yarda a bar shi kunne a kan sabar da ake aiki da ita ba. Haka kuma ba ya ganin ƙwaƙwalwar da ɗakunan karatu (libraries) na harshen C suka ɗauka kai tsaye.

Masu rubuta manhaja da harshen PHP sun san irin wannan yoyon a umarnin create_function, wanda aka cire a PHP 8.0 a 2020. A Samaru kuwa, gyaran shi ne a yi compile sau ɗaya ga kowane darasi, a daina zuba sunaye cikin globals, kuma hoton da aka ɗauka bayan haka bai nuna ƙaruwar ba.