Keke mai shoka gaba da baya a hanyoyin Sakkwato

Irin keken da shokarsa ke iya nutsewa milimita 130 zuwa 140 yana da daɗin hawa a burji da kwazazzabai, amma sai an saita shi. A ba shokar baya iska yadda za ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na iyakar nutsewarta in mahayi ya zauna. Ta wuce haka, keken zai riƙa lilo a hawan tudu yana cinye ƙarfin ƙafa. Ɗan makullin jikin shokar na rage wannan. A gangara kuwa, kansa ba ya rawa, domin sandunan da ke riƙe da tayar gaba a karkace suke, wajen digiri 65 daga ƙasa.

Ƙurar hunturu ce abokiyar gabarsa: tana shiga boris ɗin mahaɗan firam, sai ƙara da sassautawa. Cikin yashi mai zurfi faɗin taya ne ke aiki, ba shoka ba. A haɗa da famfon shoka tun wurin saye, na mai faci ba ya yi mata.