KADGIS da KASUPDA a ma'auni: takardar fili ta gyaru, amma gefen Kaduna ya riga taswira

Hukumomi biyu ne mai fili a jihar Kaduna ba ya iya kauce musu. KADGIS ke riƙe da rajistar filaye, ita ke cewa wannan fili na wane ne. KASUPDA kuwa ita ke cewa ga abin da za a gina a kansa, ga kuma inda bango zai tsaya. Jama'a da yawa suna ɗaukar su abu guda, kuma yawancin asara daga nan take farawa. Mutum ya karɓi takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, ya sauke bulo da yashi, sai ya wayi gari da jan fenti a katangarsa, yana mamaki alhali ga takarda a hannu. Takardar mallaka ba izinin gini ba ce.

Hukuncinmu a taƙaice: ɓangaren rajista ya cancanci yabo, ɓangaren izinin gini yana aiki ga wanda ya zo da takardu cikakku, amma aikin tsara wuri kafin mutane su zauna, wanda shi ne ainihin dalilin kafa irin waɗannan hukumomi, shi ne mai rauni.

Ikon da jiha take da shi a kan fili ya samo asali ne daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 1 ya damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi kaɗai ke ba da haƙƙin zama. A karkara ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙin gargajiya, amma ba fiye da hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da amincewar gwamna. A 1992 gwamnatin soja ta fitar da dokar tsara birane da yankuna mai lamba 88, wadda ta tanadi hawa uku: hukumar tarayya, hukumar jiha, da hukumar tsare-tsare a matakin ƙaramar hukuma. Sai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Tun daga nan nauyin ya dawo kan jiha kacokan, hawa na uku kuma bai taɓa yin ƙarfi ba.

An kafa KADGIS da doka a ƙarshen 2015, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, ta gaji aikin tsohuwar ma'aikatar ƙasa da safiyo. Babban abin da ta canza shi ne ta ɗora filaye a kan hoton sama da ke cikin kwamfuta. A tsarin fayil na takarda, fili ɗaya na iya samun masu shi biyu ko uku ba tare da kowa ya lura ba, domin kowane fayil yana kan kantarsa. Yanzu idan aka shigar da lambobin kusurwoyin fili, in ya hau kan na wani, ko kan hanyar da aka tsara, allo zai nuna. Biyan kuɗi ma ta banki ne, domin dokar haraji ta jihar ta 2016 ta hana karɓar kuɗin gwamnati a hannu. Duk wanda ya ce ka ba shi tsaba ya biya maka, ba hukuma yake yi wa aiki ba. Rahoton Bankin Duniya na 2018 kan sauƙin kasuwanci a jihohin Najeriya ya sa Kaduna a gaba wajen rajistar kadara, kuma wanda ya san yadda abin yake a da ba zai yi musu ba.

Mai neman C of O yana cike fom, ya haɗa hotonsa da katin shaida, da hujjar yadda filin ya zo hannunsa. In saye ne, takardar ciniki mai sa hannun mai sayarwa da shaidu. In gado ne, takardar rabon gado daga kotu. Sai awon safiyo, sai ziyarar gani da ido, sai a duba ko amfanin da ake nema ya dace da abin da aka ware wurin dominsa. In komai ya tafi daidai a ba da takardar tayi mai ɗauke da sharuɗɗa da kuɗaɗen da za a biya, a biya, a buga satifiket a sa hannu. Fili na zama yawanci shekara 99 ake rubutawa, kuma akwai kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara, wanda mutane ke mantawa da shi sai ranar da suka tashi sayarwa ko jingina, bashin ya taru.

Inda fayil ya fi maƙalewa shi ne hujjar asali. Filin gado da ɗa ɗaya ya sayar ba da sanin sauran magada ba, musamman mata, yana iya kwana shekaru a kotu, kuma hukuma ba za ta buga satifiket a kan rigima ba. Haka filin da ya bi hannu huɗu ko biyar amma takardar ciniki ta ƙarshe kawai ake da ita. Sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta mayar da fili halal in tun farko gwamnati ta karɓe wurin.

Akwai wata matsalar awo da ba kasafai ake bayyana wa masu fili ba. Tsofaffin taswirorin Najeriya an yi su ne a kan ma'aunin Minna, na'urar GPS da wayar hannu kuma suna ba da lambobi a ma'aunin duniya na WGS84. Bambancin da ke tsakaninsu a ƙasa ya haura tsawon fuloti biyu. In mai awo ya ɗauki lambobi a ma'auni ɗaya ya miƙa su ba tare da ya faɗi wanne ba ne, filinka zai bayyana a allo zaune a kan gidan maƙwabci ko tsakiyar titi, a dawo da fayil. Wayar hannu ma a karan kanta tana kuskuren mita uku zuwa biyar, fuloti kuwa faɗinsa mita 15 ne. Saboda haka safiyo mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu awon ƙasa rajista, za a nema, a sa ya rubuta ma'aunin da ya yi amfani da shi a jikin zanen, a kuma kafa turakun siminti a kusurwa huɗu tun kafin magini ya ja igiya.

Wanda zai sayi fili mai satifiket, matakin farko shi ne binciken fayil a KADGIS: a biya, a ba da lambar fayil, a ga sunan da ke kai, a ga ko an jinginar da shi a banki ko akwai ƙorafi. Bayan ciniki kuma a nemi amincewar gwamna, kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya wajabta. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Mutane da yawa suna tsallake wannan don gudun kuɗin hatimi da rajista, su ajiye satifiket mai sunan wani a akwati. Ranar da mai sunan ya rasu, magadansa ne doka ta sani.

A KASUPDA abin da ake dubawa daban ne. Ana son hujjar mallaka, zanen safiyo, zanen gini mai hatimin mai zane da ke da rajista da ARCON, zanen ƙarfe da ginshiƙi daga injiniya mai rajista da COREN in bene ne, da rahoton nazarin wuri daga masanin tsara gari mai rajista da TOPREC; ukun nan hukumomin rajistar masu waɗannan sana'o'i ne. Bene mai hawa da yawa yana buƙatar gwajin ƙasa. Gidan mai, masana'anta da manyan rukunin gidaje suna buƙatar rahoton tasirin muhalli. Abin da ke dawo da zane baya sau da yawa ƙanana ne: an cinye fili duka ba a bar tazara daga layi ba, ba a nuna inda masai da rijiya za su zauna ba ko an manna su da juna, ko an zana shaguna a fili mai takardar gidan zama. Wannan na ƙarshe sai an nemi sauya amfanin fili, kuma ba dole ba ne a amince.

Wasu tazarorin ma ba na jiha ba ne, hukuma tana aiwatar da su ne kawai. Babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330, irin waɗanda ke shiga tashar Mando, yana da haramin mita 50, wato 25 kowane gefe. Mai 132 yana da mita 30. Babbar hanyar tarayya tana da mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane ɓangare. Dillali zai ce ai ga wasu nan sun gina ba abin da ya same su. Gaskiya ne, sai ranar da za a faɗaɗa hanya. Bakin kogin Kaduna ma haka: mazauna titin Kigo da Rafin Guza sun san abin da damina mai ƙarfi take yi, kuma fili mai araha a kwari kuɗinsa na gaske yana fitowa ne a watan Agusta da Satumba.

Yanzu ga inda hidimar ta gaza. Kaduna gari ne da aka haifa da taswira. Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, masanin tsara gari Max Lock ya fitar da babban tsarin garin a 1967, aka sake sabunta shi a 2010. Amma garin da mutane ke zaune a ciki yau ya bazu cikin ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. Rigasa, Hayin Ɗan Mani, Rigachikun, Gonin Gora, Kamazou, mafi yawansu gonaki ne da aka yanka aka sayar kafin awon gwamnati ya iso. Kanawa suna kiran wannan awon igiya, sunan kuma ya dace.

Lissafin mai gona ba wuya. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 kusan murabba'in mita 465 ne. In ba a bar hanya ba, hekta za ta ba da fuloti 21. In aka bi tsari aka cire kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku don tituna da magudanan ruwa, saura 14 zuwa 16, ba a ma zo maganar makaranta, asibiti ko maƙabarta ba. Wato ana roƙon mai gona ya yafe kuɗin fuloti biyar zuwa bakwai, dillali kuma ya yafe la'adarsu, ba tare da an ba su komai ba. Sai su bar layi mai ƙafa 10 ko 12. Ƙafa 12 mita 3.66 ce. A cire kwata mai santimita 60 kowane gefe, saura mita 2.46, tifa kuwa faɗinta ya kai mita biyu da rabi. Motar kashe gobara ba ta shiga, motar kwashe masai ba ta shiga, ruwan sama ya bi ƙofar gidaje. Bayan shekara goma, in gwamnati ta zo da titi, sai an rushe ɗaki ɗaya ɗaya a jere.

Abin da KADGIS ke yi wa irin waɗannan unguwanni shi ne halasta mallaka bayan an riga an zauna, a auna abin da ke ƙasa a ba da takarda. Wannan alheri ne ga mai gida, yana samun abin jingina da kariya daga masu ƙwace. Amma satifiket ba ya faɗaɗa layi. Tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ta fara aiki a 2016, kowa ya san filayen kewayenta za su yi tsada, kuma a irin wannan lokacin ne ya kamata masu awo su riga dillalai isa gona, su kafa turakun tituna ko da ba a da kuɗin zuba kwalta. Turken siminti ba shi da tsada, diyyar gini ce mai tsada. Inda aka yi hakan, kamar awon gwamnati na Millennium City a gabashin kogi, bambancin a fili yake ga duk wanda ya shiga da mota.

Rashin haɗin kai ne tushen abin. Ciniki yana faruwa a zauren mai unguwa, ƙaramar hukuma ta fi kowa kusa da wurin amma ba ta da masu tsara gari isassu, taswira kuma tana ofis a cikin birni. A 2021 gwamnatin jihar ta gwada ɗinke wannan ɓaraka da kafa hukumomin birane uku, na Kaduna, Zariya da Kafanchan, don gudanar da garin da ya ƙetare iyakar ƙaramar hukuma ɗaya. Gwajin kansa amincewa ce cewa akwai giɓi. Gyaran da ya fi sauƙi bai buƙatar sabuwar hukuma: a buga taswirar kowace gunduma a manna a fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, da Hausa da Turanci, mai nuna inda titi zai bi, inda ruwa ke kwanciya, da inda gwamnati ta riga ta karɓa. Mai sayen rabin fuloti a Maraban Jos ba zai ɗauki lauya ba, amma zai duba bango.

Batun rusau kuma, wanda ya yi yawa lokacin aikin sabunta birane da aka ƙaddamar a 2019, yana da ƙa'idar da ya kamata a sani. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama don amfanin jama'a. Sashe na 29 ya ce diyya ta abin da aka ɗora a kan ƙasa ce, gini ko amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba. In an yi saɓani kan adadin, sashe na 30 ya mayar da maganar gaban kwamitin rabon filaye na jiha. Mai satifiket da izinin gini yana da ƙafar tsayawa a wannan zama. Wanda ya gina ba izini, ko a cikin haramin hanya, sai dai abin da aka ga dama aka ba shi.

Ga mai kuɗin sayen fili a awon gwamnati, ko mai son jingina a banki, hidimar hukumomin nan biyu ta biya kuɗinta. Ga mai sayen awon igiya, abin da ya fi amfani a cikinta shi ne mafi arha: kafin a biya ko kafin alƙalami, a ɗauki safiyo ya karanta kusurwoyi huɗu, a kai lambobin KADGIS a tambayi matsayin wurin, a tambayi KASUPDA abin da aka ware shi dominsa, sannan a auna faɗin layin da tef tun daga bakin babban titi har ƙofar filin, ba a gaban filin kaɗai ba. In ciniki ya faɗa a rani, a nemi tsohon mazaunin unguwar ya nuna inda ruwa ya tsaya a daminar bara.