Kiɗan sarewa da piyano na tunawa da mamaci: wanne za ka saya?

Wanda ya tashi neman kiɗan sarewa da piyano domin karrama wani mai tsara kiɗa da ya rasu, abin da zai fara gani shi ne yawancin fitattun ayyukan irin wannan ba don masu tsara kiɗa aka rubuta su ba. Wani don mabushi ne, wani don attajirar da ta ɗauki nauyin makaɗa. Saboda haka zaɓin naka biyu ne: ko ka sayi aikin da aka rubuta don juyayin wani ka sadaukar da shi ga wanda kake nufi, ko ka sayi aikin shi mamacin kansa a busa shi ranar tunawa da shi. Ni dai na fi karkata ga na farko, kuma wanda zan fara miƙa maka shi ne na Aaron Copland.

Copland, ɗan Amurka, ya rubuta Duo na sarewa da piyano a 1971 domin tunawa da William Kincaid, wanda ya daɗe yana jagorantar masu busa sarewa a ƙungiyar makaɗan Filadelfiya, ya kuma rasu a 1967. Ɗalibansa da abokansa ne suka haɗa kuɗi suka nemi a rubuta shi. Kashi uku ne, tsawonsa kusan minti 14. Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne yadda yake buɗewa: sarewa ita kaɗai, babu piyano, sautuka kaɗan masu tazara, kamar mutum ya shigo ɗakin da mai shi ya bari yana duba kayansa ɗaya bayan ɗaya. Sai daga baya piyano ya shigo a hankali. Kashi na biyu nan ne baƙin cikin yake zaune, na uku kuma ya zo da tsalle da annashuwa, mutane su tashi da sauƙi a zuciya. Yatsu ba sa shan wahala sosai a farkonsa, numfashi ne ke sha, domin dogayen sautukan nan ba su da wurin ɓuya. In sautin ya ɗan sauka a ƙarshen numfashi, kowa zai ji. Kamfanin Boosey & Hawkes ne ke wallafa shi. Ka duba bangon da kyau kafin ka biya, domin Copland ya sake fitar da shi don goge na Turawa da piyano, kuma sunan ɗaya ne.

Na biyu shi ne Sonata ta Francis Poulenc, ta 1957, wadda aka sadaukar ga marigayiya Elizabeth Sprague Coolidge, attajirar nan da ta ɗauki nauyin makaɗa. Mabushin sarewa Jean-Pierre Rampal ne ya fara busa ta a birnin Strasbourg, Poulenc da kansa yana kan piyano. Kusan minti 12 ce. Babu mabushin da zai yi nadamar mallakar ta, kashinta na tsakiya kuwa tamkar waƙa ce da aka cire wa kalmomi. Sai dai ta yaɗu ƙwarai, har masu sauraro kan ji ta su tuna da ita maimakon wanda aka taru dominsa. In za ka saya, nemi bugun kamfanin Chester da aka tace a 1994, wanda aka gyara kurakuran tsohon bugu bayan an koma ga rubutun hannun Poulenc. Wannan yana da muhimmanci in ku biyu ne kuke saye daban-daban: kada mabushi ya zo da sabo, makaɗin piyano ya zo da tsoho, ku ɓata rabin lokacin gwaji kuna jayayya a kan alama ɗaya.

Chant de Linos na André Jolivet, na 1944, shi ne mafi zafi a cikinsu. Jolivet ya ɗauko shi daga makokin tsoffin Girkawa, inda ake kuka da kururuwa a kuma yi rawa. Haka kiɗan yake, sarewa ta yi ihu, ta yi shiru, sannan ta faɗa rawa mai bugu bakwai-bakwai. Don gasar makarantar kiɗa ta Paris aka rubuta shi, kuma yana da wuya a kan mutum biyun duka. Wanda bai kai ba ya haƙura da shi tukuna. Shi ma yana da wani bugu na sarewa da kayan tsirkiya huɗu, har da molon Turawa mai tsayi, saboda haka a tabbatar na piyano aka ɗauko.

To, in kuma ka fi son hanya ta biyu, misali mafi kyau shi ne Olivier Messiaen, wanda ya rasu a 1992. Le Merle noir, na 1952, bai wuce minti 6 ba, kuma kukan wani baƙin tsuntsu ne na Turai aka mayar kiɗa. Mabushi zai riƙa kaɗa harshe a cikin busa don sautin ya yi rawa, ƙarshensa kuma gudu ne mai tsanani. Kamfanin Leduc ke wallafa shi. Da yake gajere ne, ba ya cika zama shi kaɗai. Abin da ya fi dacewa a haɗa shi da shi shi ne Rain Tree Sketch II na Toru Takemitsu, ɗan Japan, wanda ya rubuta a 1992 musamman don tunawa da Messiaen. Na piyano ne zalla, mabushi ya samu ya huta. Shi ma Takemitsu, wanda ya rasu a 1996, aikinsa na ƙarshe da ya kammala, Air, na sarewa ne ita kaɗai, don haka da Air da Rain Tree Sketch II za a iya karrama shi kowa ya samu rabonsa.

Batun saye kansa: ka tabbatar kunshin ya ƙunshi babban littafin piyano da kuma takardar sarewa daban, domin na hannu sau da yawa takardar sarewar ta ɓace. Ayyukan Copland da Messiaen da Takemitsu har yanzu suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kwafin da ke yawo kyauta a intanet ba abin ɗorawa a gaban jama'a ba ne.

Wanda kuma sauraro kawai yake so, akwai faifan da Rampal ya yi tare da Poulenc, da wanda mabushiyar sarewa Elaine Shaffer ta yi tare da Copland a kan piyano. Sautinsu na da ne, bai kai na sababbin ɗauka tsabta ba, amma a cikinsu za ka ji saurin da masu aikin suka zaɓa da hannunsu. Mabushin da ke shirin busa Duo ya fara saurarar na Shaffer, ya lura da inda take jan numfashi a shafin farko.